Liƙaƙƙen Harsashi Na Ɓauna Ne, Ba Na Barewa Ba

Wata talla da na gani a mujallar mafarautan Amurka ce ta sa ni wannan rubutu. An jera ƙwayoyin harsashi biyu da aka ciro daga jikin dabba. Ta farko ta tarwatse, rigarta ta tagulla ta rabu da dalmar da ke cikinta, ta biyun kuma ta buɗe baki tsaf, tana nan a dunƙule ba abin da ya ɓalle daga jikinta. Saƙon da ake son mai karatu ya ɗauka shi ne, duk wanda ya fita farautar barewa da irin harsashin farko ya yi ganganci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dukkan ƙwayoyin biyu daga jikin matacciyar dabba aka ciro su. Idan har an samu damar feɗe dabbar an zaro harsashin, da wace hujja za a ce bai yi aikinsa ba?

Ra'ayina a kan wannan batu ba mai wahalar faɗa ba ne. Liƙaƙƙen harsashi, wato wanda aka haɗe dalmarsa da rigarsa suka zama abu guda, ƙira ce mai kyau, kuma a kan manyan namun daji masu kaurin fata da ƙashi ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Amma a kan barewa fifikonsa ɗan kaɗan ne, bai kai yadda masu sayar da shi ke kururutawa ba. Sannan babbar matsalar da ta shafi jama'a, wadda ta wuce maharbi da bindigarsa, ita ce dalmar da ke saura a cikin nama, kuma wannan harsashi bai warware ta ba.

Abin da liƙin yake yi

Harsashin farauta na yau da kullum dalma ce da aka danna da ƙarfi cikin rigar tagulla, aka bar bakinta a buɗe ko a tausashe domin ya baje idan ya shiga jiki. Matsi ne kawai yake riƙe da su biyun. A liƙaƙƙen harsashi kuwa, ana narkar da dalmar a cikin rigar tare da sinadarin liƙi har ta kama bangon tagullar, abin da yake yiwuwa saboda dalma tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, alhali tagulla sai ta haura dubu. Wasu kamfanonin kuma, kamar yadda Federal ke yi wa samfurinsa Fusion da ya fito a 2005, da wutar lantarki suke shafa tagullar a jikin dalmar sannu a hankali har ta zama riga.

Manomi ya san wannan matsala a jikin fartanya. Wadda ruwanta bai zauna da kyau a ƙota ba tana iya yin shekaru tana aiki a jigawa ba a lura da aibinta ba, sai ranar da ta ci karo da fako ruwan ya fice ya bar mutum da sanda a hannu. Tambayar da ta kamata a yi ke nan game da harsashi: wace irin dabba ce za ta zame masa fako?

Tarihin ƙirar kansa ya ba da amsa. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi katafariyar dabbar nan moose a yankin British Columbia na Kanada, kafaɗarta ta sha busasshiyar laka, harsasansa suka riƙa farfashewa ba su isa ga huhu ba. Wannan ne ya kai shi ga ƙera Partition, wanda aka fara sayarwa a 1948, mai katangar tagulla a tsakiya da ke kare rabin dalmar na baya. Shi wannan ba liƙaƙƙe ba ne, amma shi ya buɗe hanya. Daga baya Bill Steigers a jihar Idaho ya fara liƙa dalma da riga a harsasansa na Bitterroot, Jack Carter ya biyo da Trophy Bonded Bear Claw, kamfanin Swift kuma ya fito da A-Frame wanda ya haɗa katanga da liƙi. Duk waɗannan don manyan dabbobi aka yi su, kuma suna da tsada. Sai a 2003, da kamfanin Nosler ya fito da AccuBond, kamfanin Hornady kuma ya fito da InterBond, aka fara tallata liƙi ga talakan mafaraucin barewa.

Inda babu jayayya

Namijin ɓaunar kudancin Afirka yana iya kaiwa kilo 800. Fatarsa mai kauri ce, haƙarƙarinsa faffaɗa ne kuma a jere kusa da juna, ƙashin kafaɗarsa kuwa ba abin wasa ba ne. Harsashin da zai isa zuciyarsa daga gaba ko daga karkace sai ya ratsa tsoka da ƙashi mai nisa, kuma idan ya zubar da rabin nauyinsa a tafin hannu na farko, abin da ya rage ba shi da ƙarfin ƙarasawa. Ɓaunar da aka raunata ba gudu kawai take yi ba, takan shiga duhuwa ta jira mai bin sawunta, kuma wanda ke gaba a irin wannan bibiya yawanci ɗan ƙasa ne mai bin sawu, ba baƙon da ya yi harbin ba. Shi ya sa ƙasashe da dama na Afirka suka sanya bindiga mai girman .375, wato mai harsashin da faɗinsa inci 0.375 ne, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a fuskanci dabbobi masu haɗari da shi, kuma shi ya sa ƙwararrun jagororin farauta suke son ganin irin su A-Frame ko Woodleigh na Ostareliya a aljihun baƙinsu.

Haka abin yake a arewacin Kamaru, a filayen farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njidda, inda Turawa ke sauka a Garwa domin neman babban gwankin nan da ake kira eland, wanda namijinsa kan doshi kilo 900. Mutum ya yi kwanaki yana bin sawu a cikin zafi, dama ɗaya ta samu, dabbar kuma ta juya masa rabin baya tana shirin shigewa cikin ciyawa. A nan duk wanda ya ce liƙi ƙawa ce kawai bai san abin da yake faɗa ba.

Akwai wuri na biyu da liƙin yake da amfani ko da dabbar ba ta kai haka girma ba, shi ne idan bindigar mai tsananin gudu ce kuma harbin na kusa ne. Harsashin .300 Winchester Magnum mai nauyin giram 11.7 yana fita daga baki da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya daki ƙashin kafaɗa a nisan mita talatin da kusan duk wannan gudu, siririyar riga ba ta iya jurewa, sai a samu mummunan rauni a sama, ciki kuwa bai taɓu sosai ba. Wanda ya zaɓi irin wannan bindiga ya ɗora wa kansa sayen harsashi mai ƙwari, kuma ban ga laifin wanda ya sayar masa ba.

Barewa fa?

Namijin barewar Amurka mai farin wutsiya yakan kasance tsakanin kilo 60 da 130. Fatarsa siririya ce, haƙarƙarinsa ba su fi yatsa kauri ba, kuma daga wannan gefen ƙirjinsa zuwa wancan bai kai kamu ɗaya ba. Mafarautan Amurka suna kashe kimanin miliyan 6 na wannan dabba kowace shekara, kuma sun yi zamani bayan zamani suna cika rumbunansu da nama ta hanyar bindigar .30-30 da ta fito tun 1895 da harsashin Core-Lokt na kamfanin Remington da ya fito a 1939. Babu liƙi ko kaɗan a cikin wannan harsashi. Da a ce rabuwar riga da dalma na sa barewa tsira yadda talla ke nunawa, da kakannin masu sayen liƙaƙƙen harsashi na yau sun daina farauta tun da daɗewa.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta nauyi. A ce harsashi na yau da kullum yakan rasa kusan rabin nauyinsa, liƙaƙƙe mai ƙwari kuwa yakan riƙe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ko fiye. Lissafin gaskiya ne, amma lissafin harsashi ne, ba na dabba ba. Barewa ba ta mutuwa saboda nauyin abin da aka ciro daga jikinta, tana mutuwa ne saboda huhunta biyu sun lalace, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa. Gutsattsarin da harsashi ya zubar a cikin ƙirji ba ɓacewa suka yi ba, su ma yanka suke yi, kuma mafarauta da yawa sun lura cewa harsashi mai taushi yana saurin kayar da ƙaramar dabba fiye da mai ƙwari wanda ya ratsa ya wuce da sauran ƙarfinsa ya nutse a cikin ƙasa. Masu ƙira sun san haka. Partition da ake ta yabo yakan zubar da kusan sulusin nauyinsa daga gaba, kuma AccuBond, duk da liƙinsa, an yi shi ne ya riƙe kashi 60 zuwa 70 kawai. Da riƙe nauyi shi ne komai, ba za su yi haka da gangan ba.

Wani zai ce ai ratsawa ta fita tana da nata amfanin, domin rami biyu ya fi rami ɗaya zubar da jini, kuma jinin da ya ɗiga a kan ganye shi ke kai mutum ga dabbarsa idan ta ruga cikin kurmi da magariba. Wannan hujja na karɓe ta, ita ce ma mafi ƙarfi a cikin hujjojinsu. Sai dai hanyar samun haka ba ɗaya ba ce. Harsashi na yau da kullum mai ɗan nauyi, kamar mai giram 11.7 a bindigar .30-06, wanda gudunsa matsakaici ne, yakan ratsa ƙirjin barewa ya fita ba tare da wani liƙi ba. Masu shan wahalar fashewar harsashi galibi su ne masu haɗa ƙwaya marar nauyi da bindiga mai gudun tsiya.

Akwai kuma ɓangaren da talla ba ta faɗa. Harsashin da aka ƙera ya jure duka mai tsanani yana buƙatar gudu kafin ya buɗe. Kamfanin Nosler da kansa ya ce AccuBond na buƙatar kimanin mita 550 a daƙiƙa a lokacin da ya isa jikin dabba. Wanda ya ɗauki mai ƙwarin gaske, irin na ɓauna, ya harbi ƙaramar barewa daga nesa tsakanin haƙarƙari biyu, yana iya barin siririn rami kawai, dabbar ta yi nisa kafin ta faɗi.

Maganar kariya idan an yi kuskure

Hujja ta gaba ita ce wadda ta fi shiga ran mutane: ba kullum barewa ke tsayawa a gicciye ba, hannu na iya rawa, don haka gara mutum ya riƙe harsashin da zai cece shi idan harbi ya karkace. Akwai gaskiya a ciki idan kuskuren shi ne an daki ƙashin kafaɗa maimakon bayansa. Amma yawancin barewar da ake raunatawa ta ɓace ba ƙashi ne ya cece ta ba. A tumbi aka same ta, ko a ƙafa, ko a muƙamuƙi, ko a tsokar baya sama da ƙashin gadon baya. Harsashin da ya ratsa tumbi, liƙaƙƙe ne ko ba liƙaƙƙe ba, sakamakonsa ɗaya ne: dabba ta yi sa'o'i tana shan azaba a wani lungu.

Abin da nake tsoro shi ne wannan magana ta kariya tana ƙara wa mutum ƙarfin halin yin harbin da bai kamata ya yi ba. Wanda aka gaya masa cewa harsashinsa zai ratsa dabba daga cinya har ƙirji, wata rana zai harbi barewar da ta ba shi baya. Ga kuma tsada. Akwatin liƙaƙƙen harsashi ya fi na yau da kullum kuɗi, wani lokaci ya kusa ninka shi. Masu kare shi sukan ce wannan ba komai ba ne idan aka kwatanta da kuɗin lasisi da mota da masauki, tunda ƙwaya ɗaya ko biyu ake harbawa a kakar farauta. To, matsalar ke nan. Mutumin da ke harba ƙwaya biyu a shekara bai san bindigarsa ba, kuma da ya sayi akwati uku na mai araha ya ƙarar da biyu da rabi a filin gwaji, yana harbi a tsaye da durƙushe, da barewar ta fi samun sauƙin mutuwa a hannunsa.

Ƙasashen da suka ɗauki wahalar dabba da muhimmanci ba liƙi suka wajabta ba. Dokar farauta ta Jamus ƙarfin harsashi ta ƙayyade: ga manyan dabbobi masu kofato kada faɗinsa ya gaza milimita 6.5, kuma ya kasance yana da ƙarfin jul 2000 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne) a nisan mita ɗari, ga ƙaramar barewarsu kuwa jul 1000. A Suwidin, inda aka shafe shekaru aru-aru ana farautar moose, kuma aka kashe da yawansu da ƙaramar bindigar 6.5x55, sai mutum ya ci jarrabawar farauta, kuma dole a iya kawo karen da aka horar da bin sawun jini cikin sa'o'i biyu bayan harbi. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin an umarce mu da kyautata yanka da wasa wuƙa don a hutar da dabba. Wasa wuƙa wajibi ne, amma sanin inda ake ɗora ta ya riga shi.

Dalmar da ke cikin nama

A nan ne batun ya fita daga hannun mafarauta ya zama na kowa. A Amurka ana ba da kyautar naman barewa mai yawa ga cibiyoyin ciyar da mabuƙata. A 2008 aka ɗauki hoton ƙunshin irin wannan niƙaƙƙen nama da na'urar asibiti a jihar Dakota ta Arewa, aka ga ɓurɓushin dalma a cikin da yawansu, har hukuma ta sa aka janye naman. A wannan shekarar hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota ta gwada harsasai iri-iri a kan gawarwakin tumaki, ta ɗauki hotonsu. An samu ɓurɓushi har nisan santimita 45 daga ramin harsashi, da yawansu ido ba ya iya gani, haƙori ma ba ya ji. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne, liƙaƙƙen harsashi mai buɗaɗɗiyar dalma a baki shi ma ya bar gomman gutsattsari, bai yi wa na yau da kullum nisa ba. Na tagulla zalla kuwa bai bar dalma ba.

Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Liƙi yana hana riga rabuwa da dalma ne, ba ya hana dalmar da ta baje a gaba gogewa a jikin tsoka da ƙashi. Ƙwayar giram 10 da ta riƙe kashi 85 cikin ɗari ta bar giram ɗaya da rabi na dalma a jikin abin da za a ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu ne suka fi shiga haɗari, saboda tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan ƙarfe. Ban ce naman barewa zai yi irin wannan ɓarna ba, tazarar da ke tsakanin adadin biyu mai girma ce ƙwarai. Gubar dai ita ce, kuma maharbanmu masu ɗura wa adaka gutsattsarin dalma su ma abin ya shafe su, ko da irin bindigogin da ake magana a kansu a nan ba sa hannunsu.

Tsuntsaye ma suna biyan nasu kason. Mafarauci yakan feɗe barewa a daji ya bar kayan ciki, inda mafi yawan ɓurɓushin yake, mikiya da ungulu su sauka su cinye. Babbar ungulun Kalifoniya, wadda ta ragu zuwa guda 22 a 1982, gubar dalma ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe ta a daji. Saboda wannan ungulu ce jihar Kalifoniya ta hana harsashin dalma a yankunan da ungulun take rayuwa tun 2008, sannan ta hana shi a kowace irin farauta daga 1 ga Yuli 2019. Denmak ta bi sahu a kan harsashin babbar bindiga daga Afrilu 2024. A waɗannan wurare liƙaƙƙen harsashi haramtacce ne daidai da wanda ba a liƙa ba.

Masu adawa da tagulla zalla suna da ƙorafe-ƙorafe, kuma ba duka ne na banza ba. Tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, don haka ƙwayar takan fi tsawo, wasu tsofaffin bindigogi ba sa iya juya ta yadda za ta tafi daidai. Tana buƙatar gudu kafin ta buɗe, abin da ke rage nisan da za a amince da ita. Nau'in farko da kamfanin Barnes ya fitar a 1989 ya yi ƙaurin suna wajen barin tagulla a cikin bututun bindiga, sai da aka yi masa tsaga-tsaga a jiki a samfurin TSX na 2003 aka rage matsalar. Amma a nisan da ake harbin yawancin barewa, wanda bai cika wuce mita ɗari biyu ba, tagulla tana buɗewa, tana ratsa ƙashi, tana fita ta ɗaya gefen, tana riƙe kusan duk nauyinta. Wato duk abin da aka ce liƙi zai ba mafaraucin barewa, ita ma tana ba shi, ba tare da ta bar guba a tukunya ba.

Saboda haka nake ganin mafaraucin barewa da ya yanke shawarar ƙara kuɗi a kan harsashi ya tsallake liƙaƙƙe ya sayi na tagulla, musamman idan yara za su ci naman ko kuma kyautarsa zai bayar ga mutanen da ba su san da me aka harbe shi ba. Wanda kuma ya tsaya a kan dalma, liƙaƙƙiya ko sakakkiya, ya yanke nama mai faɗi a kewayen ramin ya zubar, ya binne kayan ciki ko ya tafi da su, kuma kada ya tura guntayen da ke kusa da rauni cikin injin niƙa, domin niƙa ce ke raba ɓurɓushin wuri ɗaya zuwa ga ƙunshi ashirin. Wanke gawar da ruwa ba ya fitar da shi. Gwajin Minnesota ya nuna cewa ruwan ƙara watsa ɓurɓushin yake yi zuwa sassan da harsashi bai taɓa ba.